Ƴan ajin ƙarshe na lise: allon bango da ba ya mantuwa

Daga watan Afrilu, idan zafi ya tsananta a Maraɗi da Damagaram, ƴan ajin tarminal kan koma kwana a waje. A bakin titi, ƙarƙashin fitila, za ka tarar da su biyar ko shida gaban bangon da suka shafa wa baƙin fenti, ɗaya na riƙe da alli, saura na gardama a kan lissafi, shayi na kan gawayi. Idan wuta ta ɗauke, a kunna fitilar salula a ci gaba.

Wannan allo ne ɗaliban lise Ɗan Baskore ko Amadu Kuran Daga suka fi tunawa, fiye da ajin kansa. Shekara bakwai ke nan tun shigarsu kwaleji: huɗu kafin BEPC, uku a lise, da yajin aikin malamai da na ƙungiyar USN a tsakani.

Ɗan ƙauye kuwa tunaninsa daban. Shi gidan mai masauki yake tunawa, inda ya yi ɗiban ruwa da aike, wani lokaci ya tafi makaranta bai karya ba. Da yawa daga waɗanda suka taho tare sun koma gona ko sun tafi cirani, ƴan matan kuma an yi musu aure.

Jarrabawar BAC ce za ta raba sauran. Wasu su wuce jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko ta Abdu Mumuni a Yamai, wasu su jira zagaye na biyu, wasu kuma su sake shafa wa bangon fenti baɗi, tare da ƙannensu.