Ruwa iya gwiwa ma yana cin mutum

Mafi yawan shekara Gulbin Kaba ba shi da ruwa. Kwari ne mai yashi da goruba, ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, ana noma da kiwo a cikinsa. Amma idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, koramu kan cika cikin dare ɗaya, tabkuna su tumbatsa, sai ga masu zuwa kasuwa suna tsallakawa da amalanke, yara kuma da jarkoki da tsohon tub na mota. Can Madarunfa masunta na da kwale-kwalensu. Duk inda abin hawa ya kife a ruwa, akwai maganganun da ake ta yi, wasu gaskiya ne, wasu kuwa su ne ke kashewa.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce, wai in ruwa bai wuce ƙugu ba, ka miƙe tsaye kawai ka taka ka fita. A tabki mai kwance, haka ne. A ruwa mai gudu kuwa, wannan miƙewar ita ce ajalin mutane da yawa. Ƙafa takan shige tsakanin saiwoyi, ko ta nutse a yashi, ko ta faɗa ramin da aka haƙa da rani don yin tubali. Da zarar ta maƙale, ruwan zai turo mutum ta baya ya kifa shi rub da ciki, ya danne masa kai, ga ƙasa a ƙarƙashinsa amma ba halin ɗagowa. Masu wasan tuƙa ƙaramin jirgin kayak a kogunan duwatsu na Turai da Amurka sun daɗe da sanin wannan, har ya zama darasin farko da ake koya wa ɗan koyo: kada ka tsaya sai ruwa ya koma ƙasa da gwiwa kuma ya rage gudu. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwan ya nufa, kana tuƙi da hannuwa a karkace har ka kai gaɓa. Hukumar yanayi ta Amurka ta ce ruwa mai gudu mai zurfin santimita 15 na iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma ya ɗauke ƙaramar mota. Ba abin mamaki ba ne, tunda in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkuwa huɗu yake yi.

Ana kuma cewa kada ka saki jirgi. Rabin gaskiya ce. Kwale-kwalen katako ko ya kife yawanci ba ya nutsewa nan take, kuma a tsakiyar tabki riƙe shi ya fi ƙoƙarin iyo zuwa gaɓar da ido ke gani kusa alhali tana da nisa. A korama, abin lura shi ne ta wane gefe kake. Jirgin da ya cika da ruwa nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo, in kana gabansa zai matse ka da kututture. Ka zauna ta bayansa, ta inda ruwan ke fitowa, in ya nufi itacen da ya faɗi ko bakin kwalbati ka sake shi. Buhun gero da akuya ma haka, ko da ran mutum bai so ba.

Ɗaura igiya a ƙugu, da ake ganin dabara ce, tarko ne. In igiyar ta miƙe, ruwa kan dulmiyar da wanda aka ɗaure, kuma ba ya iya kwancewa. A jefa masa ya riƙe da hannu, ko a miƙa masa gora. Mai ceto ya tsaya a tudu. Sau nawa aka ji wa ya bi ƙane, an rasa su duka biyun.

Batun iskokin ruwa da ke jan ƙafa, ba zan yi gardama da imanin kowa ba. Sai dai a je wurin da rani a duba. Galibi za a tarar da rami, ko tsohuwar rijiyar lambu, ko saiwa.

Mafi muni shi ne abin da ake yi bayan an tsamo mutum: a juya shi kai ƙasa, ko a danna masa ciki wai ruwa ya fita. Ruwan da ke fitowa na tumbi ne, kuma yana iya komawa huhu ya shaƙe shi. Abin da ya rasa iska ce. In ba ya numfashi, a shimfiɗe shi a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba, wani kuma ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo yana magana, muddin yana tari ko haki, a kai shi asibiti a ranar, domin huhun da ya sha ruwa kan iya rikicewa bayan wasu sa'o'i.