Daɓen Lamineti: A San Halinsa Kafin A Saya

Mutanen Minjibir, Kunya da Wasai masu zirga-zirga zuwa birnin Kano sukan ga wani irin daɓe a gidajen 'yan'uwa, sumul-sumul kamar katako. Sunansa lamineti. Wani da ya gani sai ya dawo da niyyar sa shi a ɗakin amarya. To, kafin a kai buhunan gyaɗa kasuwa saboda shi, ya kamata a san halinsa.

Lamineti ba zallar katako ba ne. Garin katako ake haɗawa da gam a matse a inji, a manna takarda mai hoton katako a kai, sannan a rufe da wani siririn rufi mai tauri. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977.

Tunda cikinsa garin katako ne, babban makiyinsa ruwa. Idan ruwa ya kwanta a mahaɗar falle biyu, sai ya tsotse, bakin ya kumbura ya tashi. Ko ya bushe ba ya komawa. Daɓen gargajiya na tsakuwa da makuba in ya farfashe, mata su taru da madaɓi su gyara. Siminti ma birkila ya yi masa faci. Lamineti kuwa ba ya karɓar faci, sai dai a cire fallen a sayo wani, in an dace da samun irinsa.

Don haka ba a shimfiɗa shi a kan daɓen ƙasa, saboda danshi na tasowa da damina, ga kuma gara. Sai a kan siminti mai laushin fuska wanda ya yi makonni yana bushewa. A fara shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi. A bar rata kamar santimita 1 tsakaninsa da bango, domin yana buɗewa da damina, ya tsuke da hunturu. In babu ratar nan, tsakiyar ɗaki ce za ta yi tozo.

Wajen shara, a yi amfani da tsintsiya mai laushi, sannan a goge da tsumma wanda aka matse sosai. Kada a kwara ruwa kamar yadda ake wanke siminti. Randa da buta su zauna a waje, alwala ma a waje. Yaro ya yi fitsari, a goge nan take. Yashi na kankare shi, saboda haka takalma su tsaya a bakin ƙofa, a kuma sa tsumma a ƙarƙashin ƙafafun gado. Kaskon turare ko na jin ɗumi kada a dire shi kai tsaye, garwashi ɗaya ya isa ya bar tabo.

Mai ɗakin da ke yoyo gara ya fara gyara rufi. Kafin nan, siminti da ledar ɗaki sun fi masa sauƙi da kwanciyar hankali.