Baƙuwar Alama a Cikin Tambayar Lissafi

Batun da zan taɓo na lissafi ne, amma ta fuskar harshe zan dube shi, domin a ganina matsalar ta karatu ce tun kafin ta zama ta ƙidaya. A jarrabawar ƙarshen sakandare mai tambaya yakan kawo wata alama wadda ɗalibi bai taɓa gani ba, kamar tauraro ko alwatika, ya dasa ta tsakanin lambobi biyu. Ɗalibai da yawa sukan tsallake tambayar nan take, suna zaton an koyar da alamar ne ran da ba su zo aji ba. Ta haka maki yake salwanta a banza, alhali kuwa ba a taɓa koyar da ita ba, mai tambayar ne ya ƙago ta.

Su ma alamomin da muka saba da su ƙago su aka yi. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya yi bayaninsa. Alamar tarawa da ta ɗebewa ba su fito a bugaggen littafi ba sai a 1489, a ƙasar Jamus. Robert Recorde ne ya kawo alamar daidai a 1557, ya zaɓi layuka biyu a jere saboda, a ganinsa, babu abin da ya fi su yin daidai da juna. Watau dai ma'anar alama yarjejeniya ce, kamar yadda aka yarda cewa ƙugiyar da ke kan ɗ ita ce ta raba ɗaki da daki.

Bambancin kawai shi ne, yarjejeniyar baƙuwar alama ba ta wuce tambaya guda, kuma a rubuce take a cikin tambayar. Ta yi kama da zaurance: da zarar an gaya maka gaɓar da ake cusawa, ka ji maganar duka. Alal misali, a ce x ∆ y = 2x + y. Ma'anarsa, ninka na farko sau biyu, sa'an nan ka tara da na biyu. Saboda haka 3 ∆ 5 ya zama 6 + 5, watau 11.

Inda ake zamewa shi ne wajen ɗora wa baƙuwar alama halayen tarawa. Mun saba cewa 3 + 5 da 5 + 3 duk 8 ne, amma 5 ∆ 3 zai ba mu 13, ba 11 ba. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, tun da ya san "Audu ya bugi Tanko" dabam yake da "Tanko ya bugi Audu". Tauraro ma ya fi alwatika yaudara, don a kwamfuta shi ne alamar ninkawa, sai hannu ya ninka tun ido bai karanta sharaɗin ba.

Haka kuma baka biyu ba ado ba ne a nan. Abin da ke cikinsu shi ake fara warwarewa. A (1 ∆ 2) ∆ 3, na ciki ya ba da 4, sa'an nan 4 ∆ 3 ya ba da 11. In aka gusar da bakan ya zama 1 ∆ (2 ∆ 3), na ciki 7 ne, amsa kuma ta koma 9.