Ɗamarar Mota: Wahalar Minti Ɗaya, Ceton Rai

Ɗan'uwa, ka tuna ranar kasuwa da ka shiga mota a kan hanyar Birnin Konni zuwa Maraɗi. Hanya ta miƙe, direba yana gudu. Bel, wato ɗamarar da ke jikin kujera, tana rataye kusa da kafaɗarka. Ka ɗaura ta?

Wataƙila ka ce a ranka, "Shekara nawa nake tafiya, ban taɓa yin hatsari ba." Gaskiya ne. Amma kowane dare kana kulle garkenka, ko da ɓarawo bai taɓa zuwa ba. Abin da ake dubawa shi ne girman hasarar in abin ya faru. Ɗaura bel ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci. Karayar baya kuwa tana iya kwantar da magidanci har ƙarshen ransa, gona ta zauna babu mai noma.

In mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki wani abu, ita za ta tsaya, amma jikinka zai ci gaba da tafiya. Ƙarfin bugun kamar ka faɗa rijiya ce mai zurfin mita 10. Babu hannun da zai riƙe ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga waɗanda suke zaune a gaba.

Waɗansu suna tsoron kada bel ya riƙe su in mota ta kama wuta. Hakan ba kasafai yake faruwa ba. Kuma wanda bai suma ba shi ne zai iya kwance bel ya fita. Wanda mota ta wurgar waje shi ya fi shiga haɗari.

Wani zai ce, "In kwana ya ƙare, ya ƙare." Rai a hannun Allah yake, babu shakka. Amma Shi ya ba mu hankali, shi ya sa muke kwana cikin gidan sauro.

'Yar'uwa mai juna biyu, ke ma ki ɗaura. Igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin ciki, a kan ƙugu. Ta sama ta bi tsakanin ƙirji. Kada ki zauna a gaba da yaro a cinya, domin a lokacin karo zai kuɓuce miki komai ƙarfin riƙonki.

In motar ba ta da bel, kada ka hau kan kaya. In direba ya cika gudu, ka yi masa magana. In hatsari ya faru, ko babu rauni a fili, ka zo asibiti da sauri in ciki, kai ko wuya yana ciwo, domin jini yana iya zuba a ciki.

Iyalinka suna jiran dawowarka. Ka ɗaura kafin mota ta tashi.