Hoton jinjirin wata a waya: shin shaida ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan'uwa, duk daren 29 ga Sha'aban sai wani ɗalibi ya miƙo mini waya yana cewa, "Malam, ga wata an gani." To, bari mu yi bayani tun kafin lokacin ya zo.

Kyamara ba kamar ido take ba. In duhu ya yi, sai ta buɗe na 'yan daƙiƙoƙi tana tara haske, shi ya sa taurari suke fitowa a hoto fiye da yadda ido ke ganinsu. Amma a cikin daƙiƙoƙin nan in hannu ya motsa ko kaɗan, ɗigon haske sai ya ja layi, wani lokaci ya lanƙwashe kamar lauje. Zara, in tana yamma bayan magariba, ita ta fi ruɗin mutane haka, don ta fi kowane tauraro haske.

Jinjirin gaskiya yana da alamu. Yana ƙasa-ƙasa kusa da inda rana ta faɗi, gefensa mai haske yana kallon wajen ranar, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. In tazararsa da rana ba ta kai kamar daraja 7 ba, masana falaki sun ce ido ba ya iya kama shi. Mu a nan Hasahisa kogi gabas yake da mu, wajen Rufa'a, saboda haka mai duban wata ba bakin ruwa zai nufa ba. Ya fita bayan gari wajen gonaki, nesa da fitilu. Ya ɗora wayar kan katanga ko wani abu da ba ya motsi. In akwai ƙurar habub kuwa, ya haƙura.

Sai hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya wata yana tabbata da ganin adilai biyu, ko jama'a masu yawa da ba za su haɗu kan ƙarya ba, in ba haka ba a cika 30. Hoto ba ya rantsuwa, ba a kuma iya tambayarsa yaushe ne, a ina ne. Wanda ake turowa ta WhatsApp ma, sau da yawa ba a san ko na bara ba ne ko na wata ƙasa.

Wanda ya gani da idonsa ya zo masallaci ya ba da shaida, hoton ya zama ƙarin bayani kawai. Sanarwa kuma ta Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Sudan muke jira.

Allah ne Mafi sani.