Kafin ka ce "ba ni rabin inci": gargaɗi kan bututun jan ƙarfe

Masu dafa giya a gida a Amurka da Ingila suna da wata dabara ta huce tafasasshen ruwan hatsi cikin gaggawa. Sukan naɗe bututun jan ƙarfe mai laushi ya yi gammo, su tsoma shi cikin tukunya, su saki ruwan sanyi ya riƙa bi ta cikinsa yana kwashe zafin. Duk mai dafa abin sha na sayarwa, in ya ga wannan a waya, zai so ya kwaikwaya, domin jiran tukunya ta huce ɓata lokaci ne. To amma akwai tarko biyu a hanya, ɗaya na aljihu, ɗaya na lafiya.

Na aljihun yana farawa ne a bakin shago. Ka je Kofar Ruwa a Kano ka ce a ba ka bututu rabin inci, ba mamaki a miƙo maka ɗaya daga cikin abubuwa uku. Masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki suna kiran bututu da faɗinsa na waje, don haka nasu rabin incin milimita 12.7 ne. Bututun ruwa na tsarin Amurka kuwa, wanda shi ma sunansa rabin inci, faɗinsa na waje milimita 15.9 ne. Na Ingila, da ya maye gurbin tsohon rabin incinsu, milimita 15 ne cif. Tsakanin na biyu da na uku bai kai milimita ɗaya ba, ido ba ya gani, amma ya isa ya hana bututu shiga soket, ko ya shiga yana rawa. A Maradi da Damagaram, inda kayan tsarin Faransa suka fi yawa, za ka ji ana cewa 12/14 ko 14/16, wato faɗin ciki da na waje.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Yanki siririyar takarda, ka zagaye bututun da ita, ka yi alama inda ta haɗe, ka shimfiɗa ta a kan rula. In ta ba ka kusan milimita 40, na masu firji ne. 47 na Ingila ne. 50 na Amurka. Mafi sauƙi ma, yanko guntun bututun ka tafi da shi, a gwada elbo da noti a gabanka. Mai shago zai ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji, tef zai riƙe." Ba zai riƙe ba. Mahaɗin da ake ɗaurewa da noti, zoben da ke cikinsa ne ke damƙe jikin bututu ya toshe ruwa, kuma an ƙera shi ne daidai da faɗi guda.

Haƙoran noti ma kashi biyu ne: BSP na Ingila da NPT na Amurka. A rabin inci duka biyun haƙora 14 ne a kowane inci, shi ya sa suke hawa juna kamar za su zauna, alhali kusurwar haƙoran ta bambanta, digiri 55 da 60. Sai ka ɗaure tam, ka ga ɗigo, ka ƙara ƙarfi da sifana, haƙoran su cinye, kuɗi su bi ruwa.

Tarko na biyu shi ya fi damuna. Jan ƙarfe ba ya shiri da tsami. Dokar abinci ta hukumar FDA ta Amurka ta hana shi taɓa duk abincin da ma'aunin tsaminsa, wato pH, ya gaza 6. An ɗaga wa masu giya ƙafa ne saboda yis yana cinye wani kaso na ƙarfen yayin da ruwan ke tsima. Zoɓo ba shi da wannan kariya, kuma tsaminsa yana wajen 3 ko ƙasa da haka. Kunun tsamiya da duk abin da aka matsa wa lemun tsami haka suke. Ka tsoma gammon jan ƙarfe cikin zoɓo mai zafi, ka fito da shi yana walƙiya kamar sabo: abin da ya bar jikinsa yana cikin tukunya. Mai sha zai ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, sannan tashin zuciya, amai, murɗar ciki. Koren tsatsan da ke fitowa a jikin bututu in an ajiye shi da danshi, shi ma bai kamata ya shiga ciki ba. Ga mai zoɓo, bututun ƙarfe mara tsatsa ne daidai, ko a rufe tukunyar a zaunar da ita cikin baho mai ƙanƙara.

Sai batun liƙi. Tsohuwar wayar liƙi, irin ta masu gyaran rediyo, haɗin kuza ne da dalma. Amurka ta haramta irinta a bututun ruwan sha tun 1986. Mu kuwa ba sai an koya mana sharrin dalma ba, bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400. Ka sa mai gyaran famfo ya nuna maka rubutun da ke jikin wayarsa cewa ba dalma a ciki, haka ma mahaɗan tagulla masu ruwan ɗorawa, domin tsofaffinsu na ɗauke da ita.

Bututun da aka cire daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ya fi araha a wurin 'yan gwangwan, amma cikinsa duk man injin ne da ragowar gas, kuma wanki da omo ba ya tabbatar da ya fita. Wanda za a yi aikin abin sha mara tsami da shi, a sayi sabo, mai murfin roba a baki biyu.