Zinare da Dalma: Tagwaye a Cikin Dutse

Ɗalibai 'yan'uwana na Dutsi, kun san yadda zinare ke shiga cikin dutse? Shekaru aru-aru da suka wuce, ruwa mai tsananin zafi daga ƙarƙashin ƙasa ya bi tsagogin duwatsu. Da ya huce, sai ya bar farar jijiya mai ɗauke da zinare.

A Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara, jijiyar haɗe take da dalma. Masu haƙa suka riƙa niƙa dutsen a bushe, cikin gidaje, da injin niƙan hatsi. A 2010, gubar ƙurarsa ta kashe yara aƙalla 400.

Niƙa da ruwa, nesa da gari, yana rage ƙurar. Kafin a niƙa dutse, a fara kai shi gwaji.